Tashar nukiliya ta kan ruwa, ta tudu, iskar gas ko sola: wacce ta dace da mu a Kebbi?

Kawuna yana da injin casar shinkafa a Argungu. Ranar da na je gaishe shi bayan la'asar, na same shi a gindin darbejiyar ƙofar injin, an sauke duro biyu na man dizal, yaransa na jan tiyo suna ɗura wa janareta. Muna gama gaisawa ya miƙo mini waya. Bidiyon wani ƙaton jirgin ruwa ne na Rasha, fari mai ratsin ja da shuɗi, ana cewa tashar lantarki ce sukutum, ta nukiliya, janta ake yi a kai ta inda ake bukata. Ya ce, "Kai da ka yi karatun abin ga, mi zai hana a kawo muna irin wanga jirgi a aje shi Yawuri? Ga ruwa nan Allah Ya ba mu." Ban kai ga amsawa ba amininsa da ke gefe, wanda dillancin kifi ne sana'arsa, ya ce ranar da aka kawo shi, shi da kifin kogin Kwara har abada.

Kawu ba hira kawai yake yi ba. Mai ya cinye masa riba, ga ɗan abin da ya tara, ya rasa ko ya zuba shi a sola ko ya jira abin da gwamnati za ta kawo. Ƙungiyarsu ta masu casa kuma tana son kai koke, tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da rarraba ta, amma sun kasa tsayar da abin da za su roƙa. Na ce, "Kawu, ku ba ni kwana biyu." Abin da na haɗa masa ke nan, ga shi ga duk wanda ke cikin irin wannan kokwanto. Tun farko a sani, sha'anin nukiliya har yanzu na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai, jiha ba ta da hurumin sayo tukunyar nukiliya, wato zuciyar tashar. Amma masu yanke hukunci suna sauraren abin da jama'a ke nema, don haka gara mu san abin da muke nema.

Ma'aunin da na ɗauka

Na farko haɗari, shi kuma iri biyu ne. Akwai na yau da gobe mai cin mutane ba a lura ba, irin hayaƙin janaretan da ake kwana da shi a ɗaka a wayi gari iyali guda sun tafi. Akwai kuma na rana ɗaya, ranar da komai ya ɓaci, inda abin tambaya shi ne ɓarnar za ta tsaya a ina, kuma shekara nawa za a yi ana gyara. Na biyu tsaro daga masu mugun nufi. Sai kuɗi, na ginawa da na ciyarwa. Sai ƙarko. Sai sauƙi, wato shekara nawa kafin a ga wuta da kuma wanda zai gyara in ta lalace.

Na ƙara na shida saboda mu: wutar za ta iso nan kuwa? A watan Oktoban 2024 an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke hawowa daga Enugu ta Makurɗi ya samu matsala, jihohin Arewa da dama suka kwashe kwanaki a duhu alhali tashoshin Kudu na aiki. Tasha komai kyanta, in waya ta tsinke tsakaninka da ita, ba ta amfane ka ba.

Garwashin da ba ya mutuwa nan take

Ba za a fahimci zaɓi biyun farko ba sai an san abu ɗaya. Tukunyar nukiliya tulu ne na ƙarfe mai kauri, cikinsa sandunan yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar. Ƙwayoyin zarra na tsagewa, zafi ya fito, ruwa ya tafasa, tururi ya juya injin da ke ba da wuta. Ba ta fashewa irin ta bam ɗin nukiliya. Matsalarta ita ce ko an kashe ta, zafin ba ya ɗaukewa. Nan take ana barin kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafin, bayan wasu awoyi ya sauko wajen kashi 1, ya ci gaba da ragewa a hankali har makonni da watanni. Kamar garwashi ne a cikin toka. Dole ruwa ya ci gaba da zagayawa, in ba haka ba sandunan su narke.

Abin da ya faru a Fukushima ta Japan ke nan ranar 11 ga Maris 2011. Da ƙasa ta girgiza tukwanen sun kashe kansu yadda aka tsara. Igiyar teku mai tsawon kusan mita 14 ce ta biyo baya ta shanye janaretocin ko-ta-kwana, famfuna suka tsaya, tukwane uku suka narke, aka kwashe mutum sama da 150,000. Ke nan duk maganar amincin nukiliya tana komawa ga ruwan sanyaya da wutar da ke tura shi.

Zaɓi na ɗaya: tasha a kan ruwa

Tunanin ba sabo ba ne. Sojojin Amurka sun ɗora tukunya mai megawat 10 (megawat ɗaya kilowat 1,000 ne) a wani tsohon jirgi mai suna Sturgis, ya ba yankin mashigin Panama wuta daga 1968 zuwa tsakiyar shekarun 1970. A yau kuwa guda ɗaya ce ke aiki a duniya, ita ce wadda Kawu ya gani, Akademik Lomonosov ta Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnatin Rasha. Tsawonta mita 144, faɗinta mita 30, tana ɗauke da tukwane biyu, kowace megawat 35. Ba ta da injin tafiya, janta ake yi. An fara gininta a 2007, ta fara ba da wuta a Disamban 2019 a garin Pevek, can ƙuryar arewa maso gabashin Rasha inda teku ke daskarewa. Shekara 12 ke nan, kuma kuɗinta ya kai kusan rubul biliyan 37, sama da dala miliyan 500 a canjin lokacin, ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta da fari. In ka raba, kowane megawat ya tashi wajen dala miliyan 8.

Bari in faɗi alherinta tukuna, don yana da yawa. Tana zaune a kan abin da tukunya ta fi bukata, ruwa marar iyaka. Girgizar ƙasa ba ta taɓa abin da ke yawo a ruwa kamar yadda take taɓa gini. A masana'antar jiragen ruwa ake ƙera ta a hannun ƙwararru, ba a filin da ɗan kwangila zai rage siminti ba. Tukwanenta ƙanana ne, don haka garwashin da za a sanyaya kaɗan ne, kuma jikokin tukwanen jiragen fasa ƙanƙara ne da Rasha ke aiki da su tun 1959. Yuraniyom ɗinta bai kai tacewar kashi 20 ba, ba irin na makami ba ne. Ƙungiyar Greenpeace ta yi mata laƙabi da Chernobyl ta kan ƙanƙara, amma ni ban yarda da kwatancen ba. Tukunyar da ta fashe a Chernobyl a 1986 mai megawat 1,000 ce, ƙirarta daban, kuma ba ta da rufaffen ɗakin da ke tare tiririn nukiliya mai guba. Wannan tana da shi.

To ina matsalar take? Jirgi jirgi ne. Yana iya cin karo, yana iya kamawa da wuta, guguwa na iya tsinke masa igiya, yana iya nutsewa. A Pevek sai da aka gina mata katangar tare igiyar ruwa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na ja, shi ya sa da ƙasar Norway ta nuna damuwa, Rasha ta yarda ta ja jirgin ba mai a cikinsa har Murmansk, can aka ɗura masa. Sai lokacin canjin mai, duk shekara uku zuwa huɗu. A 1985, a mashigin Chazhma, ana canja wa wani jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Tarayyar Sobiyet mai, aka yi kuskure wajen ɗaga murfin tukunya, ta yi bindiga, mutum 10 suka mutu, mashigin ya gurɓace. Lomonosov kuma a cikinta ake ajiye sandunan da suka gama aiki, waɗanda su ne mafi guba, har sai an mayar da ita gida babban gyara bayan kusan shekara 12. An tsara ta yi shekara 40 gaba ɗaya. Sababbin da ake ƙerawa da tukunyar RITM-200 an so su daɗe ba a buɗe su ba, sai an koma da su masana'anta, wanda gyara ne mai ma'ana, sai dai ko ɗaya bai fara aiki a kan ruwa ba tukuna.

Dokokin duniya ma ba su cim mata ba. Ƙa'idar jiragen kasuwanci masu nukiliya ta 1981 ce, kuma an yi ta ne don jirgin da tukunya ke tuƙawa, ba tashar da ake ja ba. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya sai a Nuwamban 2023 ta kira babban taro a Vienna kan wannan batu. Jirgin wata ƙasa, ma'aikatanta, a cikin ruwanka: in abu ya faru, wa ke ba da umarni, wa zai biya diyya? Dole a rubuta wannan kafin jirgi ya taso.

Tsaro kuwa, Pevek ƙaramin gari ne da ba a shiga sai da izini. Tekunmu ba haka yake ba. A Yunin 2008 'yan bindigar Neja Delta sun kai hari Bonga, jirgin haƙar mai da ke kilomita 120 daga gaɓa. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin Gini aka sace su. Abin ya ragu sosai daga baya, amma tasha ta shekara 40 ce.

Yanzu ga amsar Kawu kai tsaye. Jirgin ba zai iso Yawuri ba. Yana bukatar zurfin da ya haura mita 5 da rabi, yashe Kwara da aka yi daga Warri zuwa Baro don ƙananan jiragen dako ne, sannan ga madatsun Jebba da Kainji a hanya. Amma a ce an ƙera ƙarama a bakin tafkin, nan ma ba na goyon baya, kuma dillalin kifin nan ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda shi kansa ya sani. Sinadarin siziyom, wanda ke fita in tukunya ta narke, sai ya yi shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Jikin kifi yana ɗaukarsa a matsayin gishirin fotasiyom. A teku wannan gishiri ya yi yawa, kifi ba ya kwasar siziyom sosai, kuma faɗin teku na tsinka gubar. A ruwan daɗi fotasiyom kaɗan ne, sai kifi ya tara gubar ninki da yawa, ta kuma kwanta a laka. Bayan Chernobyl da Fukushima, kifin tafkuna ne ya fi daɗewa da ita.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Yawuri ranar kasuwa ya san abin da wannan ke nufi. Kwale-kwale na sauke tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, mata na jera kifi a kan banda, ana ɗaure kwali-kwali za a yi Kudu da su, yara na wanka a gefe, injin ban-ruwa na zuƙo wannan ruwan dai zuwa fadamar shinkafa. Ruwan sha ne, gona ce, kasuwa ce, hanya ce. Sarkawa da Gungawa sun riga sun biya kuɗin lantarkin ƙasar nan sau ɗaya, lokacin da aka tashi mutum sama da 40,000 don tafkin Kainji a 1968. Kuma ba sai guba ta fita ba, jita-jita ta isa. Da Japan ta fara sakin tataccen ruwan Fukushima a Agustan 2023, duk da hukumar duniya ta ce ya cika ƙa'ida, China ta rufe ƙofa ga kifin Japan baki ɗaya. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp zai iya karya kasuwar kifin Yawuri da ta shinkafar Kebbi cikin mako guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Zamfara. A 2010 yara na ta suma suna mutuwa a 'Yargalma da Dareta da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana zaton zazzaɓi ne ko iska, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega bai fara ba sai 2013. Dalma ke nan, wadda gwajin jini ke nunawa. Tiririn nukiliya ba a ganinsa, ba ya wari. Amincin tasha bai tsaya ga kaurin ƙarfenta ba, ya haɗa da wanda zai auna ruwa kowane mako, ya faɗi gaskiya in ya ga wani abu, da motocin da za su kwashe mutane, da asibitin da ya san abin yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Mayun 2021 jirgin fasinja ya kife da mutum sama da 150 kusa da Warra ta Ngaski, masu ninƙaya na gari ne suka yi yawancin aikin ceto. Matakin shirinmu na kan ruwa ke nan a yau.

Zaɓi na biyu: tashar nukiliya a tudu

Nijeriya ta daɗe da wannan buri. An ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, an sa hannu da Rosatom a 2017, har yau ba a aza harsashi ba. A Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Masar ta fara gina El Dabaa a 2022, tukwane huɗu, megawat 4,800, kuɗinta wajen dala biliyan 30, biliyan 25 daga ciki bashin Rasha ne.

A haɗarin yau da gobe, nukiliya tana cikin mafi aminci, wannan ba abin musu ba ne. In aka auna mace-mace da yawan wutar da aka samar, har da Chernobyl da Fukushima a lissafin, kwal na kashe kusan mutum 25 a kowane kilowat-awa biliyan ɗaya, yawanci ta hayaƙi, iskar gas kusan 3, nukiliya da sola kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na mutum ɗaya ba. Ta tudu ta fi ta ruwa wajen kariya: kankare mai kaurin sama da mita ɗaya, shinge, fili, sojoji, ba ja, ba nutsewa, ga gogewar shekara 70 da ɗaruruwan tukwane. Sababbi ana tsara su kan shekara 60. Muna da ɗan tushe ma. Ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana aiki tun 2004, a 2018 aka canja mata mai zuwa marar tacewa sosai, kuma akwai hukumar sa ido ta ƙasa tun 2001. Sai dai zafin tukunyar Zariya wajen kilowat 30 ne, janaretan Kawu ya fi ta ƙarfi.

Inda ta gaza a wurinmu shi ne girma. Shawarar masana ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin babban layin ƙasa. Namu yana kai megawat 4,000 zuwa 5,000, tukunya irin ta Masar kuwa 1,200 ce, kusan rubu'i. In ta tsaya farat ɗaya za ta ja layin ya faɗi, in layin ya faɗi, kamar yadda ya yi ta yi a 2024, ita kuma ta koma kan janareta don sanyaya garwashinta. Ƙasar da ke farawa tana bukatar shekara 10 zuwa 15. Jinkiri da ƙarin kuɗi kuwa har a Amurka: tukwane biyun Vogtle sun haura dala biliyan 30, sun makara da shekara bakwai. Sharar kuma, in ba a yi yarjejeniyar mayarwa ba, tamu ce har jikokin jikoki. Wanda ya tuna sharar guba da aka jibge daga Italiya a Koko a 1988, ta jihar Delta ta yanzu nake nufi, ba tamu ta Koko-Besse ba, ya san wannan ba ƙaramar amana ba ce.

Zaɓi na uku: iskar gas

Ita ma akwai ta kan ruwa. Jiragen kamfanin Karpowership na Turkiyya, masu ƙona gas ko baƙin mai, sun ba Ghana da Senegal da Gambiya da Saliyo da Gini Bisau wuta, cikin watanni ake haɗa su. Darasinsu ya shafi jirgin nukiliya ma: a 2023, da bashi ya taru, an kashe wa Freetown da Bisau wuta. Wanda ya mallaki jirgi shi ke riƙe da makunni. Mu ma mun yi wa Nijar haka a Agustan 2023, ta layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai.

A tudu, tashar Azura ta Edo mai megawat 461 ta ci kusan dala miliyan 900, ta fara aiki a 2018, wato megawat ɗaya wajen dala miliyan 2. Tana yin shekara 25 zuwa 30, injiniyoyinmu sun san ta, gas ɗin namu ne. Haɗarinta gobara da fashewa, mummuna ne amma a wuri ɗaya yake tsayawa, washegari ana iya shiga. Hayaƙinta bai kai na dizal ba, ko da yake tana ƙara ɗumamar yanayi. Damuwarta bututu ne: ana fasa shi, ana bin bashin gas, tashoshinmu da dama na zaune ba iska. Bututun gas na AKK, wato Ajaokuta-Kaduna-Kano, mai kilomita 614 da aka fara a 2020 ya nufi Kaduna da Kano ne, bai biyo ta Kebbi ko Zamfara ba. Amma tasha a Kaduna ta fi tasha a bakin teku kusa da mu nesa ba kusa ba.

Zaɓi na huɗu: sola da batir

Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kano a Janairun 2023 ta ci kusan dala miliyan 16. Kada wannan araha ta ruɗe mu: megawat ɗin sola a shekara yana ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai bayar da a ce rana ba ta faɗuwa, na nukiliya kuwa yana haura kashi 80 cikin 100. Wutar dare batir ce, batir kuwa shi ne tsadar. Faranti na yin shekara 25, batirin litiyom mai kyau wajen 10, na ruwa biyu zuwa huɗu. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfi in ba a wankewa, zafin Afrilu ma haka, ɓarayi na kwance faranti, kasuwa cike take da jabu.

Tana da nata haɗarin, kuma ba a faɗa. Litiyom marar kyau ko haɗin da bai yi daidai ba yana tayar da gobara. Batirin ruwa kuwa dalma ce a cikinsa, wannan dalmar dai ta Bagega. Na ga inda ake fasa tsofaffi da guduma a bayan kasuwa, ruwan na malala ƙasa, almajirai na tsintar gutsattsarin da hannu. Duk wanda zai sa sola ya tambayi inda tsohon batirinsa zai ƙare. Da wannan duka, ita kaɗai ce cikin huɗun da ba ta bukatar layin kilomita ɗaruruwa, ita kaɗai ce mutum ɗaya ko gari ɗaya zai iya yanke shawararta, kuma mafi munin ranarta ba ta wuce gida ɗaya ko sito ɗaya.

| Ma'auni | Nukiliya a ruwa | Nukiliya a tudu | Iskar gas | Sola da batir |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin megawat ɗaya | wajen dala miliyan 8 | wajen miliyan 6 ko fiye | wajen miliyan 2, ga kuɗin gas | ƙasa da miliyan 2, ban da batir |
| Ƙarko | shekara 40 | shekara 60 | 25 zuwa 30 | faranti 25, batir 2 zuwa 10 |
| Lokacin kafawa | ta farko ta ci shekara 12 | 10 zuwa 15 | watanni zuwa shekara 3 | makonni zuwa shekara 2 |
| Haɗarin yau da gobe | kaɗan | kaɗan ƙwarai | hayaƙi, gobara | gobara, dalmar batir |
| Rana mafi muni | gurɓatar ruwa da kifi na shekaru | kwashe yanki guda | fashewa a wuri ɗaya | asarar gini ɗaya |
| Wa zai gyara | mai jirgin | baƙi, sannan namu | namu | namu |
| Isowa Kebbi | sai ta dogon layi | sai ta dogon layi | ta layi, daga kusa | a nan take |

Wa ya ɗauki wanne

Mai injin casa, mai ban-ruwa, mai ƙanƙara, asibitin gari: sola, yanzu. Ga Kawu na ce farantai su ɗauki aikin rana, wanda shi ne yawancin casa, janareta ya zauna don tayar da manyan injuna da ranakun hadari, batir kuma daidai fitilu da ofis, kada ya zuba dukiyarsa a ciki. Ɓuntun shinkafar da ya yi tsibi a bayan injin shi ma makamashi ne, ya isa dafa shanshera ba a sayi itace ba.

Ƙungiyar da za ta kai koke ga jiha: ta nemi filayen sola masu matsakaicin girma kusa da Argungu da Jega da Yawuri, da ƙananan layuka na gari-gari, da wurin karɓar tsofaffin batura. Daga tarayya kuma ta nemi hanya ta biyu da wuta za ta biyo zuwa Arewa maso Yamma, da tashoshin gas a kan AKK. Manyan masana'antu masu aikin dare da rana, gas ne nasu har zuwa wani lokaci.

Mai kallon ƙasa baki ɗaya nan da shekara 20: nukiliyar tudu ba abin gudu ba ce, kuma ina fatan yaranmu masu karatun kimiyya su shiga fannin tun yanzu. Sai dai layi ya fara tsayuwa da ƙafarsa, ko a jira ƙananan tukwane su nuna kansu a wasu ƙasashe.

Jirgin nukiliya kuwa an yi shi ne don wuri irin Pevek: gaɓar teku mai nisa, ma'adinai, ba hanya, ba rana, ba gas. In wata rana aka ce za a ɗaure shi a tekun Nijeriya, ba zan ce a'a da ka ba, amma sai na ga abu huɗu a rubuce: mai jirgi ya kwashe shararsa, an fayyace mai biyan diyya, hukumar sa idonmu na da ikon kashe shi ba tare da neman izinin kowa ba, kuma ana buga sakamakon awon ruwa da kifi kowa ya gani. A tafkin Kainji ko wani ruwan daɗi da mutane ke sha, ban yarda ba ko da an cika huɗun.

Da na karanta wa Kawu wannan, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko rufin siton shanshera zai ɗauki nauyin farantai. Kwanon ya tsufa, katakon ma sai an duba. Mun yi da shi ranar Asabar zan zo da mai walda da tef mu hau mu auna, ya kuma ce in taho da takardun man da ya saya na wata shida don mu san girman abin da za a sa.